Sanarwa: Za mu kalli wasannin Alfaga

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan la'asar, kafin atisaye, za mu zauna mu kalli wasannin Abdoul Razak Issoufou Alfaga, gwarzon taikwando ɗan Nijar.

A gasar Olamfik ta Rio a 2016 ya kai wasan ƙarshe a rukunin masu nauyin sama da kilo 80, ya dawo gida da azurfa. Tun tagullar dambe da Issaka Daboré ya samo a Munich a 1972, Nijar ba ta sake ganin lambar Olamfik ba sai a hannun Alfaga. A 2017 kuma ya zama zakaran duniya a Muju, Koriya ta Kudu.

Ku lura da yadda yake tsare tazara da doguwar ƙafarsa, wallahi abin koyi ne. Don Allah a taho da yara.