Wanzamin teku ba kifin kwalba ba ne

Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka.

Dan Allah a ba ni fili in ja hankalin masu kuɗin da yanzu suke yayin ajiye kifayen teku a akwatin gilashi cikin falo. Akwai wani ɗan kifi da turawa ke kira cleaner wrasse, masana kuma suna ce masa Labroides dimidiatus, tsawonsa bai cika wuce santimita 10 ba, shuɗi-shuɗi da baƙin layi tun daga baki har wutsiya. Yana zaune ne a duwatsun murjani na ruwa mai ɗumi, daga Bahar Maliya wajen su Port Sudan da Jidda har can Ostiraliya.

To wannan kifi wanzami ne, wallahi. Wuri guda yake kamawa, manyan kifaye su riƙa zuwa suna jiran layi, wasu ma haƙoransu kaɗai abin tsoro ne amma haka za su hangame baki ya shige ciki yana tsince ƙwarin da ke shan jininsu da matacciyar fata, kuma ba sa haɗiye shi. Wata masaniya Alexandra Grutter ta bibiye shi a tsibirin Lizard da ke Ostiraliya, ta ga guda ɗaya yana duba kifaye sama da 2,000 a yini ya cinye ƙwari kusan 1,200. Yana da ɗan ha'inci fa, yauƙin jikin kwastoma ya fi masa daɗi, in ya ga dama sai ya ɗan gatsa, kwastoma ya zabura ya kore shi ko ya canza shago. Namiji ɗaya ke riƙe mata da yawa, in ya mutu babbar cikinsu ce take rikiɗa ta koma namiji, ikon Allah.

Abin da ya sa na damu shi ne a tsibirin nan an gwada kwashe shi daga wasu duwatsun na shekaru, sai kifayen wurin suka ragu, wasu ma girmansu ya tsumbure. Shi kuma a akwatin gilashi ina zai samu kwastoma dubu biyu? Da yawa daga cikin wanzaman nan yunwa ke kashe su. An yi asara can teku inda aka ɗauko shi, an yi nan. Mai son kifin ado ya tambayi dillali ya ba shi kifin da aka ƙyanƙyashe a gona, irin ɗan ruwan lemun nan mai farin ɗamara, clownfish, shi kam ana kiwonsa sosai.

Na gode.
Wani mai karatu daga Kano