Lambar da ta gagara rabo, da yadda ake gwada ta a kan allo

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba mu fili mu yi magana da ƴan'uwanmu malaman lissafi kan lamba gagara-rabo, wato wadda babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar 7 ko 31.

A watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wata shirgegiya ta hanyar GIMPS, shirin neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta. Ana samun ta ne idan aka jera 2 har sau 136,279,841, aka ninka su, aka ɗebe 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne. In shafi ɗaya yana cin alƙalami 3,000, sai ta cinye shafi fiye da 13,000. Ita ce gagara-rabo ta 52 da aka sani cikin lambobin da ake samu ta wannan hanya, wato dangin Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17.

Ga inda ɗalibai ke tuntuɓe, kuma abin yana damun mu. Kafin sakamakon ya zama gagara-rabo, dole yawan biyun da aka jera shi ma ya zama gagara-rabo, amma wannan kaɗai bai isa ba. Jera 2 sau 5 yana ba da 32, a ɗebe 1 saura 31, lafiya lau. Sau 11 kuwa 2047 ne, kuma 23 sau 89 ke nan. Wani ruɗin ma, 2047 tana tsallake gwajin Fermat, mai tace lambobin da ba gagara-rabo ba, idan da 2 aka yi shi, kamar duk danginta masu yawan biyu gagara-rabo, shi ya sa masu neman irin waɗannan lambobi ke gwadawa da 3.

Mai raba gardama shi ne gwajin Lucas da Lehmer, kuma alli da allo sun ishe shi. Mu ɗauki 127, wato a jera 2 sau 7, a ninka, a ɗebe 1. A fara da 4. A ninka lamba da kanta, a ɗebe 2, a raba da 127, a riƙe ragowar kawai. Zagaye nawa? A cire 2 daga 7, saura 5. Za a ga 14, 67, 42, 111, sai sifili. Wannan sifilin na ƙarshe shi ne shaidar cewa 127 gagara-rabo ce. A kan 2047, bayan zagaye 9, 1736 ake tararwa, ta faɗi ke nan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya manta rabawar a kowane zagaye. Daga 194, wato 14 sau 14 a ɗebe 2, sai ya faɗa 37,634, kafin a ankara sileti ya cika, lissafi ya dagule. Wasu kuma su ƙirga 4 ɗin farko a matsayin zagaye, su tsaya a 111.

Muna roƙon malaman lise na Tawa da na Yamai su ba wannan gwaji ko da awa ɗaya ce. A fara da 31: 14, 8, sifili, zagaye 3 kacal. Daga nan a nuna masu 16 sau 31, wato 496, wadda idan aka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, 496 ɗin dai za a sake samu.

Wassalam,
Wasu malaman lissafi, Tawa