Amsar tambayarka, daga Garwa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Kanada? Mu nan damina ta ɗauke, dawa ta kusa shiga rumbu, Binuwai ta fara ja da baya. Na shigo gida hutu ne, shi ya sa na sami zama in rubuto maka da tsawo, don saƙon murya na WhatsApp ba zai ɗauki abin da ke bakina ba.

Ka tambaye ni ko ban gaji ba. Ka ce can inda kake kowa da iyakarsa, likita da nasa aiki, mai ba da magani da nasa, mai awon jini da nasa, mu ma'aikatan jinya kuwa nan Kamaru an mai da mu rabin likita a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Ka ce in tattara takarduna in biyo ka. Na gode da ka tuna da ni, kuma wallahi ba na ganin laifin duk wanda ya tafi. Kai ma ka san yadda 'yan ajinmu suka yi shekaru suna aiki a kan ɗan abin da cibiyar lafiya ta iya ba su, suna jiran ranar da gwamnati za ta ɗauke su. Amma maganar rabin likitan nan ta tsaya mini a rai.

Tsarin dai haka yake. Cibiyar lafiya ta ƙauye a ƙasar nan nas ne shugabanta, likita sai an kai babbar cibiya ko asibitin gunduma. Shekara 3 muka yi muka karɓi takardar shaida ta gwamnati, sai ga ni ni ke duba mara lafiya, ni ke rubuta magani, ni ke lura da firijin rigakafi, ni ke cika rajistar da ake kaiwa gunduma ƙarshen wata. In ungozoma ba ta nan, ni ke karɓar haihuwa, wato in maigidan ya yarda namiji ya shiga. Da Fulatanci nake yawancin aikin, da Hausa in fatake suka zo, Faransanci kuwa na takarda ne kawai.

Inda na fi shan wuya shi ne maganar allura. Ka san mutanenmu, in ba a soka musu allura ba ko a rataya musu ƙarin ruwa, to ba a duba su ba. Mutum zai kawo yaro jiki da zafi, in ɗiga jininsa a ɗan katin gwaji, mu jira minti 15, ya nuna babu zazzaɓin cizon sauro. In duba kunne, in duba maƙogwaro, in ƙirga numfashi, in ce mura ce, ga maganin zafin jiki, a ba shi ruwa sosai, in bai sauka ba a dawo da shi jibi. Sai ka ga uban ya ɓata rai. Na san daga nan kasuwa zai nufa, wajen mai tebur da ya baza ƙwayoyi a rana, wanda ba zai taɓa ce masa a'a ba. Abin da ba a faɗa a fili kuwa shi ne, tun bayan tsarin da aka amince da shi a Bamako a 1987, cibiyoyi irin tamu da kuɗin magani da na ganin mara lafiya suke rayuwa. Kowace ledar ruwa da na rataya riba ce ga cibiya, daga nan ake sayen sabulu da fetur, daga nan ake sallamar masu taimaka mana. Ka ga ke nan uban yaro yana so, akwatin kuɗi yana so, babu mai tuhumata in na rataya. Ni kaɗai na san yaron ba ya bukata. To, a nan nake gane ko har yanzu ma'aikacin jinya ne ni, ko na koma mai tebur sanye da farar riga.

Sai maganar kyauta. Tun 2011 aka ce maganin zazzaɓin cizon sauro mara tsanani kyauta ne ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5. A 2015 kuma aka kawo katin masu juna biyu a yankunanmu uku na arewa: mace ta biya sefa 6,000, a yi mata awo, a karɓi haihuwa, ko da tiyata ce, a ci gaba da duba ta da jaririn har kwana 42. Katin nan ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Matan da da ba a kawo su sai rai ya kai maƙoshi, yanzu da ƙafarsu suke zuwa awo. Sai dai kuɗin da za a mayar wa cibiya yakan yi jinkiri, magani yakan yanke, kuma wanda ya ji a rediyo cewa kyauta ne ba ya ganin kowa sai ni. An sha kallona kallon ɓarawo. Dabarata ɗaya ce: na rubuta farashin komai da manyan baƙaƙe na manna a bakin ƙofa, abin da yake kyauta na rubuta kyauta, kuma duk wanda ya biya ko sisi sai an ba shi rasit.

Amma in ka tambaye ni ainihin gwanintar aikin nan a ƙauye, zan ce sanin lokacin da za ka ce wannan ya fi ƙarfina. Mai ciki ta zo ƙafa a kumbure, kai na sara, jini ya hau. Yaro ya zo tafin hannunsa fari fat, numfashi sama-sama, ba ni da jinin da zan ƙara masa. In na riƙe su don kada a ce malamin asibiti ya kasa, sai tsakar dare jijjiga ta kama mai cikin, ga rafi ya kawo, babur ba ya ƙetarewa. Dole tun da la'asar in yanke shawara, in yi allurar farko, in rubuta takarda, sannan in fara babban aikin, wato shawo kan dangi. Miji yana lissafin kuɗin mota, uwar miji tana cewa ita goma ta haifa a ɗaki, wani ya ce a fara gwada rubutu. Ba na musu da kowa a kan rubutu, ina cewa a sha a hanya. Wani lokaci sai na aika a kira liman ko mai unguwa, don kalma ɗaya tasu ta fi goma tawa. Wannan ba aikin rabin likita ba ne. Likitan gunduma da wuƙarsa yana jiran wadda ta iso da rai ne, isowar kuwa a hannunmu take.

Kada ka ɗauka kuka kawai nake yi. Ka tuna kwalarar 2010 a yankin Arewa Mai Nisa, da yadda sanƙarau ke kwasar yara duk bazara kafin babban rigakafin 2011? Tun 2016 kuma, kowane wata na damina ana bin gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓi, kwana uku a jere. A Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara na yau da kullum. Sau huɗu ake yi, daga wata 6. Ta farko ba wuya, ta huɗun ce aiki, don lokacin yaro ya tasa, uwa ta yi sabon goyo, kati ya ɓata. Kuma kullum sai na nanata musu cewa allurar ba ta ɗauke gidan sauro ba.

Saboda haka bana dai ba zan zo ba. Ba waliyyi ba ne ni, kuɗin makarantar yara yana hana ni barci kamar kowa, kuma Inna ta tsufa, ba ta son in yi nisa. Wataƙila nan gaba in sake lissafi, kada ka daina aiko mini da bayanin yadda ake cika takardun.

Alfarma ɗaya nake nema. In ka sami mai zuwa, ka aiko mini da ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, irin ta yara, da batirinta. Ka kuma ba ni labarin tsofaffin da kake jinya. Da gaske ne wasu sai su yi wata babu wanda ya leƙo su? Inna tana gaishe ka, ta ce kilishinka yana nan sai an sami matafiyi. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Amininka na Garwa