A Gyara Fastocin Wasan Kwaikwayo a Kaduna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin ƙungiyoyin wasan daɓe na Kaduna kan fastocin da suke mannawa. Galibi akan cika su da fuskokin 'yan wasa, har sunan wasan da rana da wuri su ɓace cikin ƙananan haruffa, alhali mai wucewa cikin Keke Napep a titin Ahmadu Bello kallo ɗaya yake samu. Hoto guda mai ɗauke da jigon labarin ya wadatar, kuma a rubuta da Hausa, har da ajami saboda dattawa. Ɗaliban zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun iya wannan aiki. A neme su, a biya su haƙƙinsu.

Naka,
Mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna.