Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na rubuto maka ne kan jariran da ake haifa da hanyar abincinsu a yanke, ɓangaren sama bai sadu da na ƙasa ba. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin jarirai ya san alamar: kumfa ta yi ta fitowa ta baki da hanci, ana sa masa nono sai ya ƙware, jikinsa ya canza launi. Mafi yawan lokaci kafin a kawo shi asibitin koyarwa, nonon ya riga ya gangara huhu. Maganin da muke da shi shi ne a buɗe ƙirjin jaririn a ɗinke ɓangarorin biyu, aikin da jaririn da ya galabaita ba ya cika jurewa.

Akwai wata hanya ta amfani da maganaɗisu guda biyu. Ana tura ɗaya ta baki, ɗayan kuma ta ƙofar da aka huda a ciki don ba shi abinci. Su biyun sai su riƙa jan juna a hankali har bakunan hanyar su haɗu, naman da ya matse a tsakaninsu ya mutu, gefensa ya warke ya zama hanya guda, cikin kwanaki kaɗan. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wata na'ura mai suna Flourish, wadda Dakta Mario Zaritzky ya ƙirƙiro, don jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya da tazarar da ke tsakanin ɓangarorin hanyar abincinsu ba ta kai santimita 4 ba. Likitocin Japan da Koriya ta Kudu ma sun daɗe suna buɗe hanyar matsarmama da ta toshe bayan dashen hanta da wannan dabara.

Ba kowane jariri take yi wa ba. Idan hanyar abincin ta haɗe da ta numfashi, dole a fara gyara wannan, kuma sau da yawa wurin yakan tsuke daga baya, sai an yi ta faɗaɗa shi da balan-balan. Shi ya sa nake roƙon a fara da mutane kafin kaya: a tura likitocin tiyatar yara daga Asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato su koyo aikin a inda ake yin sa, a wadata su da na'urar haska ciki da ɗaukar hoto.

Sai kuma abin da bai buƙatar kuɗi mai yawa, ranka ya daɗe. A koya wa ungozomomi da ma'aikatan asibitocin karkara cewa jaririn da ke kumfa, kada a ba shi nono sai an gwada zura siririn tiyo zuwa cikinsa. In ya tsaya a hanya, a tura shi babban asibiti a ranar.

Allah ya yi maka jagora.

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai, Kano