Godiya ga Ma'aikatan Gandun Cuyuna na Jihar Minesota

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan gandun shaƙatawa na Cuyuna, ƙarƙashin Sashen Kula da Albarkatun Ƙasa na jihar Minesota, Amurka.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in yaba muku kan turbobin keke da kuke kula da su a kusa da garuruwan Crosby da Ironton, inda ni da ɗana muka shafe kwana uku a wannan bazara muna hawa da gangara a kan jar ƙasa.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan turba ba, da wuya ya gane yawan amanar da mahayi yake damƙa wa waɗanda suka tsara ta. Faɗinta na keke ɗaya ne kacal, itatuwa suna dama da hagu, kuma sau da yawa mutum ba ya ganin abin da ke bayan kwana sai ya iso kanta. A irin wannan wuri, ko birkin mutum yana da kyau, ko yana sanye da hular kwano, lafiyarsa tana hannun wanda ya riga shi bin hanyar da shebur da manjagara. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne yadda kuka sa yawancin turbobin suka zama na bi ta fuska ɗaya, ta yadda uba zai bar yaronsa ya wuce gaba ba tare da fargabar wani zai ɓullo musu da gudu daga ɗaya ɓangaren ba. Alamomin da kuka kafa a mararraba kuma ba su taɓa yaudarar mu ba. Inda kuka sa kore mun tarar da sauƙi, inda kuka sa shuɗi mun yi gumi, baƙi kuwa muka bar wa gwanaye, domin tun daga bakin turbar an gaya mana gaskiyar abin da ke ciki.

Akwai wani aiki naku da ba kowa yake gode masa ba, wato rufe turbobin idan ruwa ya jiƙa su, tare da sanar da jama'a tun kafin su kamo hanya. Ni dai ina ganin a nan ne kulawarku ta fi bayyana. Taya ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin sawu, sawun ya zama magudana, ruwan sama ya bi ta ya zaizaye gefen tudu, aikin da aka yi makonni ana yi ya lalace a yini guda. Da na lura da yadda aka ɗan karkatar da turba domin ruwa ya zube gefe, da yadda aka ɗaga bangon kwana domin keke ya juya ba tare da zamewa ba, sai na fahimci cewa jin daɗin da muke samu a gangara sakamakon haƙurin wasu ne. Ina haɗa wannan godiya da 'yan sa-kai na ƙungiyar Cuyuna Lakes Mountain Bike Crew, waɗanda suke ba da lokacinsu wajen gyara da share hanya.

Ba zan manta da tsayuwar da muka yi a saman tudun Miner's Mountain ba, muna kallon tafkunan da ke ƙasa. Na gaya wa ɗana cewa ba haka aka tarar da wurin ba. Ramukan haƙar tama ne, wato ma'adinin ƙarfe, wanda aka fara fitarwa daga yankin a 1911, kuma tuddan da muke hawa tarin ƙasa da duwatsu ne da aka tono aka jibge. Bayan an daina haƙar, ruwa ya cika ramukan, har ramin da ake kira Portsmouth ya kai zurfin kusan ƙafa 450. Jiha ta mai da wurin gandun shaƙatawa a 1993, sannan aka buɗe turbobin keke masu tsawon mil 25 a 2011, shekara ɗari cif bayan tamar farko, kuma tun daga lokacin ake ta ƙara su. Yaron ya yi shiru yana duban jar ƙurar da ta rine masa takalmi da tayoyi, daga baya ya tambaye ni ko ƙarfe ne yake sa ta ja, na ce masa haka ne.

Mun ji cewa kuna daddale dusar ƙanƙara a kan wasu turbobin lokacin hunturu domin masu kekuna masu kaurin taya, kuma ɗana ya riga ya sa ni alkawarin za mu dawo mu gwada. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da ƙarfin gwiwa a kan wannan aiki.

Naku cikin girmamawa,
Wani uba mai hawan keke, daga Miniyapolis