Dashen Na'urar Ji: A Kula da Manya Bayan Tiyata

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne kan rahoton ji na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wanda ake sake tattaunawa a kansa duk ranar 3 ga Maris, wato Ranar Ji ta Duniya. Rahoton ya yi hasashen cewa zuwa 2050 fiye da mutum miliyan 700 za su buƙaci kulawa saboda raunin ji. Idan ana maganar dashen na'urar ji a cikin kunne, yara ake tunawa, a manta da manya.

Yayana sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana da iyali. Muka yi karo-karo, aka yi masa dashe a Indiya. Ashe tiyatar somin-taɓi ce. Sai an riƙa daidaita na'urar da kwamfuta lokaci bayan lokaci, sannan ƙwaƙwalwa ta koyi fassara sabon sautin, domin da farko muryar matarsa ma kamar ƙarar rediyo yake jin ta. Da wata 'yar wayar na'urar ta tsinke, wata biyu ya yi cikin shiru, ya koma karanta leɓe a shagonsa, muna jiran a aiko da sabuwa daga waje.

Ina roƙon Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta shigar da daidaita na'ura, batura da kayan gyara cikin abin da take biya. A kuma horar da ƙarin masana ji a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, har su riƙa daidaita wa na nesa ta intanet.

Na gode.

Mai karatunku daga Zariya